Waƙar Teku da Kukan Kududdufi

A shekarun 1950, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zaman doya da manja, sojojin ruwan Amurka sun nutsar da na'urorin sauraro a tekun da ke kewaye da tsibirin Bamuda. Abin da suke kasa kunne su ji shi ne motsin jiragen yaƙin Sobiyet masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Amma injiniyan da ke aiki da na'urorin, Frank Watlington, sai ya riƙa jin wani abu dabam: gurnani mai zurfi, sai nishi, sai murya ta yi sama ta sirance, sannan ta dawo inda ta faro. Ya naɗi sautin ya adana shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1960 ya ba masanin halittu Roger Payne da matarsa Katy suka saurara.

A 1971 Payne da Scott McVay suka buga sakamakon nazarinsu a mujallar Science. Sun zana sautin a takarda, suka ga ashe ba hayaniya ba ce. Ƙananan sautuka ne ke haɗuwa su ba da ɗango, ɗangwaye su ba da baiti, baitoci su biyo juna bisa tsari guda, kuma idan dabbar ta kai ƙarshe sai ta koma farko ta sake jero su yadda ta jero su ɗazu. Zagaye guda kan ɗauki minti goma zuwa ashirin, ana iya maimaita shi sa'o'i da yawa. Saboda haka suka kira abin waƙa. Ba ado suka yi wa maganarsu ba, hujja ce ta kai su ga sunan. Daga baya Katy Payne da abokiyar aikinta suka lura cewa ɗangwaye mabambanta kan ƙare da sauti iri ɗaya, abin da mai nazarin waƙa zai kira amsa-amo.

Mawaƙin shi ne wel mai doro. Mu da muke nesa da teku, saninmu da manyan dabbobin ruwa ta hanyar karatu ya zo mana: kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihissalam, da Anbar, dabbar nan da teku ta jefo wa rundunar Abu Ubaida suka yi kwanaki suna cin namanta. Muna cewa kifi, amma wel ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, dole ya taso saman ruwa ya shaƙi iska, macen tana haihuwa tana shayarwa. Mai doro kan kai mita goma sha biyar a tsawo, nauyinsa ya kai tan talatin ko fiye. Hannuwansa na iyo su ne mafiya tsawo a cikin dukkan danginsa, kusan sulusin jikinsa. Ba shi da haƙori. Yakan kamfaci ruwa cike da baki, ya tace shi ta wasu faranta masu geza da ke rataye a dasashinsa na sama, ya haɗiye ƙananan kifaye da jatan landen da suka maƙale. Yana kiwo a ruwan sanyi kusa da ƙanƙarar Antatika ko ta arewacin duniya, sannan ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwa mai ɗumi don barbara da haihuwa. Wasu daga cikin masu wannan ci-rani gaɓar Afirka suke zuwa. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, suna nan a tekun Gabon, ana kuma ganinsu a ruwan Benin da Togo da Gana da Najeriya.

Maza ne ke waƙar, kuma dukkan mazan yanki guda waƙa ɗaya suke yi a shekara guda. Sai dai waƙar ba ta tsayawa wuri ɗaya. A hankali ake sauya ɗango, a yar da baiti, a shigo da wani, kowa kuma ya bi. Wani lokaci ma juyin gaba ɗaya ake yi. A 1996 Michael Noad da abokan aikinsa suna sauraron masu doro na gabashin Ostireliya, sai suka ji biyu daga cikin 82 suna wata baƙuwar waƙa. Ta 'yan uwansu ce na yammacin ƙasar, na can Tekun Indiya. Kafin 1998 ta ƙare, duk na gabas sun watsar da tasu sun ɗauki baƙuwar. Ellen Garland ta nuna a 2011 cewa waƙoƙin kan bi teku su yi gabas, daga Ostireliya zuwa tsibiran Polinisiya, wani garke yana koya daga wani.

Lokacin da duniya ta fara jin wannan murya, saura ƙiris mai ita ya ƙare. A ƙarni na ashirin an kashe wel iri-iri kusan miliyan uku, aka narka kitsensu aka yi sabulu da man shafa wa burodi da man inji. Mai doro yana son gaɓa, kuma ba shi da sauri, don haka yana cikin waɗanda aka fara gamawa da su. Garken da ke haihuwa a gaɓar Barazil ya ragu har ya koma kusan 450 a shekarun 1950. Hukumar kula da farautar wel ta duniya, wadda aka kafa a 1946, ta haramta kashe mai doro ko'ina a 1966, amma haramcin a takarda ya tsaya. A 1993 masanin Rasha Alexei Yablokov ya fallasa cewa jiragen Sobiyet sun daɗe suna ɓoye alƙaluma: a kudancin duniya sun kashe masu doro fiye da 48,000, suka kai rahoton ƙasa da 3,000.

A 1970 Payne ya fitar da sautin a faifai aka shiga sayarwa. A 1972 taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a Istokholm ya nemi a dakatar da farautar wel. A 1977 aka sa muryar mai doro cikin faifan zinariyar da kumbunan Voyager suka tafi da shi sararin samaniya, kusa da gaisuwar 'yan Adam. A Janairun 1979 mujallar National Geographic ta saka ƙaramin faifan waƙar a cikin kwafinta fiye da miliyan goma. A 1982 aka kaɗa ƙuri'ar dakatar da farautar kasuwanci, ta fara aiki a 1986. Ba waƙa kaɗai ta yi wannan aiki ba. Man wel ya riga ya rasa kasuwa, dabbobin ma sun yi ƙarancin da neman su ya daina biyan kuɗin man jirgi. Amma waƙar ce ta sa mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya ji cewa za a yi masa rashi. Zuwa 2019 garken Barazil ya kai kusan 25,000. A 2008 aka cire mai doro daga sahun dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, ko da yake ƙaramin garken da ke zaune a tekun Oman, wanda bai kai ɗari ba, har yanzu yana bakin rami, kuma ragar masunta da karo da jirage na ci gaba da kashe wasu.

To, akwai wani mai muryar da ba sai an nutsar da na'ura ba kafin a ji shi. Daren da aka yi ruwan kirki na farko, duk wanda gidansa ke kusa da kududdufi ya san shi. Burduddugin da ya kwashe watannin rani binne a ƙasa, lulluɓe da busasshiyar fatar da ke tsare masa danshi, sai ya fito, 'yan uwansa manya da ƙanana su fito, gari ya ɗauka. Ba wanda ya ce waƙa suke yi. Kukan kwaɗi muke cewa, kuma mun ajiye shi wuri ɗaya da kukan sauro da na gyare, abubuwan da ke hana mutum barci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ayyukan biyu suka yi kusa da juna. A wajen kwaɗo ma namiji ne ke ɗaga murya, kuma a lokacin neman mace. Kwaɗo yana rufe baki da hanci, ya tura iska daga huhu zuwa jakar maƙogwaronsa, ya maido ta, ya sake turawa, numfashi guda yana ta kai da komo. Mai doro ma haka yake yi a ƙarƙashin ruwa: ba ya fitar da iska yayin waƙa, tsakanin huhu da wata jaka da ke maƙogwaronsa yake juya ta. Ɗaya tan talatin, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma dabarar guda ce. Daga nan hanya ta rabu. Uwar wel kan ɗauki ciki kusan shekara, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi watanni, sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Kwaɗuwa kuwa ta zuba ƙwai dubbai a ruwan da zai iya ƙafewa cikin makonni, ta yi gaba. Talibambam yana tsere ne da rana: ko ya fidda ƙafa kafin ruwa ya janye, ko ya bushe a taɓo.

Idan ma'ana ake nema, sai a ga abin ya juye. Kukan kwaɗo gajere ne, amma an san abin da yake cewa. Kowane nau'i da nasa kiran, mace ba ta amsa sai na nau'inta, kuma daga kaurin murya da yawan maimaitawa take auna girman namiji da ƙarfinsa. Akwai kiran kora, na gaya wa wani namiji ya matsa. Akwai kiran da namiji kan yi idan wani namiji ya rungume shi bisa kuskure, ma'anarsa sake ni. A tsibirin Puwato Riko akwai wani ɗan kwaɗo da ake kira koki, don abin da yake faɗa ke nan, gaɓa biyu. A 1976 Peter Narins da Robert Capranica suka nuna cewa gaɓar farko maza take yi wa magana, ta biyu kuma mata, har kunnen kowane jinsi ya fi kama wadda ake nufinsa da ita. Kalma ɗaya, masu sauraro biyu, saƙo biyu. A Panama kuwa akwai wanda idan ya ƙara wa kiransa ƙawa mata sun fi zuwa, amma jemage mai cin kwaɗi ma ya fi saurin gano shi, don haka duk ƙarin gaɓa caca ce da rai.

Waƙar mai doro fa? Tsarinta ya fi na kowane kwaɗo nesa ba kusa ba. A 2025 wani nazari kan sautin da aka naɗa shekara takwas a tekun Sabuwar Kaledoniya ya nuna cewa yawan maimaituwar sassanta na bin irin ƙa'idar lissafin da kalmomi ke bi a harsunan mutane. Amma su kansu masu nazarin sun ja kunne cewa tsari dabam, ma'ana dabam. Har yau masana sun rabu: wasu na ganin mata ake yi wa, wasu na ganin tsakanin maza ne. Wato muryar da muka ba sunan girma ita ce wadda ba a warware saƙonta ba, wadda kuma saƙonta ke fili mun bar ta a matsayin surutu. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Karin maganar bai ce sai kukan ya yi daɗi ba. A kan mai sauraro ya ɗora nauyin.

Akwai inda aka saurara, kuma sauraron ya sauya hukunci. A gabashin Ingila, a yankin Nofok, an daɗe da sanin wani koren kwaɗon tafki mai ƙarar murya. Masana sun ɗauka baƙo ne, wasu ne suka shigo da shi daga Turai suka sake, saboda haka da ya fara raguwa ba wanda ya tashi tsaye. A shekarun 1990 ya ɓace daga tafkunansa, namiji na ƙarshe ya mutu a hannun masu kiwo a 1999. Sai bayan haka bincike ya kammala. An duba ƙasusuwan da aka tono daga tsofaffin matsugunai, an duba ƙwayoyin gado, sannan aka ɗauko tsofaffin faya-fayan kukansa aka gwada da na 'yan uwansa na ƙasashe dabam-dabam. Karin harshensa bai yi kama da na Faransa ko na tsakiyar Turai ba, da na Suwidin da Norwe ya dace. Ashe ɗan ƙasa ne, kakanninsa na nan tun bayan janyewar ƙanƙara. Sunan baƙo da aka liƙa masa ne ya hana shi samun kariya har ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Daga 2005 aka fara ɗauko irinsa daga Suwidin ana sakewa a tafkunan Nofok da aka gyara, kuma sun hayayyafa.

Wannan nau'i ɗaya ne a ƙasa ɗaya, kuma yana da dangi a wani wuri da za a aro. Sauran ba su yi wannan sa'a ba. A 1987 an ƙirga kwaɗin zinariya kusan 1,500 a dajin Monteverde na Kosta Rika, daji mai cikakken tsaro wanda ba a sara ba a ƙona. A Mayun 1989 aka ga guda ɗaya, daga shi ba a sake gani ba. A wannan shekara masanan kwaɗi da dabbobi masu jan ciki suka yi babban taronsu na farko a Kantabari, kowa ya zo da labarin cewa kwaɗin da yake nazari sun yi wuyar samu, yana zaton matsalar dajinsa ce kawai. A nan suka gane abin ya game duniya. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka gano ɗaya daga cikin masu laifin, wani fangas da ake kira kitirid. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, fatarsa ke sha masa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, ta nan gishirin jininsa ke daidaita. Fangas ɗin kan kama fatar ya kaurara ta, gishiri ya rikice, zuciya ta tsaya. Asalinsa gabashin Asiya ne, cinikin dabbobi ya yaɗa shi. Wani nazari na 2019 ya danganta shi da raguwar nau'i 501, daga ciki ana kyautata zaton 90 sun ƙare. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta duba nau'in kwaɗi da danginsu fiye da 8,000, ta tarar kusan kashi 41 cikin ɗari na cikin haɗari. Babu wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga uku. Kuma babban dalilin har yanzu ba cuta ba ce, rasa wurin zama ne.

Me ya sa ba mu ji wannan rashi ba? Ina ganin yanayin kukan ne da kansa. Mai doro shi kaɗai ake naɗar muryarsa, ana gane kowane ɗaya da zanen ƙarƙashin wutsiyarsa, har suna ake ba shi. Kwaɗi kuwa a taro suke magana. Wanda ya wuce ta ƙofar makarantar allo da dare zai ji karatu ya cika unguwa, ba zai taɓa sanin cewa almajiri uku ba su zo ba. Malam ne kaɗai zai sani, don shi ya san muryar kowa. Kududdufin da a da nau'i takwas ke kira a cikinsa, idan ya koma uku, ukun nan masu jure wahala za su cika daren da ƙara, mai wucewa ya ce kwaɗi sun dame mu bana ma.

Akwai kuma bambancin yadda mutuwar ke zuwa. Masu kashe wel sanannu ne: ƙasashe ƙalilan, kamfanoni ƙalilan, jirage masu suna da tuta. Ana iya tara su a ɗaki guda a kaɗa ƙuri'a. Da aka ajiye mashi, teku na nan, abinci na nan, dabbar ta farfaɗo da kanta. Kwaɗo kuwa mafi yawan masu kashe shi ba su san sun yi ba. Wanda ya cike kududdufi da shara ya yanka fuloti bai yi niyyar kashe kowa ba. Haka manomin da ya wanke tankin feshinsa a bakin fadama. A Kano, kududdufan da aka haƙa tun zamanin da ana ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan sama su rage wa unguwanni ambaliya, da yawansu sun zama gidaje da shaguna. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu ƙwarai tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Ba taron da za a kira a hana wannan da ƙuri'a ɗaya, domin kowane yanki na ɓarnar yana da mai shi, kuma kowa da uzurinsa na gaskiya: wurin kwana, abinci, ruwan noman rani.

Masu kamu da gangan ma suna nan. Ƙasashen Tarayyar Turai kan shigo da dubban tan na cinyoyin kwaɗi duk shekara, akasari daga Indunusiya. Indiya ta hana fitar da su a 1987, bayan an ga ƙwari sun yawaita a gonakin shinkafa, manoma sun koma dogaro da maganin feshi. A yankinmu, wani bincike da aka buga a 2010 ya bi sawun busassun kwaɗin da ake kamawa a fadamun arewacin Najeriya da arewacin Benin da maƙwabtansu ana kai wa kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya, ya tarar mutum 32 kacal na hada-hadar kwaɗi fiye da miliyan biyu da rabi a shekara. Ba na zargin talakan da ya samu abin sayen hatsi da wannan sana'a. Amma kwaɗo dabba ce da ke cin ƙwarin gona dare da rana ba da lada ba, kuma a Kosta Rika da Panama an auna an ga zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru a shekarun da suka biyo bayan mutuwar kwaɗi. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da sa kwaɗo a haɗin magani, sai ya hana shi kashe shi. Wannan karatu yana cikin littattafan da ake biyawa a zaurukanmu, a garuruwan da ake cike kududdufansu.

Ba ina neman a daina cewa kukan kwaɗi a koma cewa waƙa ba. Kuka ba ƙaramar kalma ba ce a Hausa. Da ita jariri ke neman nono, da ita talaka ke kai ƙara gaban sarki, kuma duk wanda aka kai wa kuka ana sa ran ya amsa. Abin da ya ɓace shi ne malamin da ya san muryar kowa. Payne da McVay ba su ƙirƙiri komai ba, sun zauna ne da faifai har suka rarrabe abin da kowa ke ji a dunƙule. A wajen kwaɗi wannan aiki ya fi sauƙi ƙwarai, tunda kowane nau'i da kiransa. Gidan adana kayan tarihi na Ostireliya ya fitar da manhajar FrogID a 2017: mutum ya tsaya bakin ruwa ya naɗi kuka da wayarsa ya aika, masana su saurara su faɗi nau'in da ke ciki, a rubuta wuri da rana. Da irin waɗannan saƙonni aka gano inda wasu nau'o'i suka ja da baya, aka kuma ji wasu a wuraren da ba a san suna nan ba. Wayar da za ta yi wannan tana aljihun kowane ɗalibin nazarin halittu a Zariya da Kano da Sakkwato da Maradi. Kududdufi ɗaya, daren Agusta bayan ruwa, a naɗa a rubuta kwanan wata, baɗi a koma wurin a sake.